Tambayoyi da Amsoshi Kan Rikicin Tashin Layin Intanet da NAT Bayan An Kawo Wuta

An tanadi wannan shafi ne domin masu kula da intanet a shagunan kafe, cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, makarantu da ƙananan ofisoshi a Gusau, Kaura Namoda, Talata Mafara da sauran garuruwan Zamfara, inda na'ura guda ke karɓar layi daga kamfanin sabis ta raba wa kwamfutoci masu yawa. Matsalar da za a tattauna tsohuwa ce a harkar sadarwa, amma ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, domin na'urar da za ta yi watanni ba a kashe ta ba a wata ƙasa, a nan tana iya mutuwa ta tashi sau da yawa a yini ɗaya, tsakanin ɗauke wuta, tayar da janareta da komawa kan sola.

Mece ce ainihin matsalar, kuma da wace alama ake gane ta?

An kawo wuta, fitilun modam da na rauta duk sun kama, wayoyi da kwamfutoci sun haɗu da Wi-Fi, amma babu shafin da ke buɗewa. Idan mai kula ya shiga cikin rautar sai ya tarar layin waje ya tashi, har ma ita kanta rautar tana iya kaiwa ga intanet, alhali duk wata na'ura da ke bayanta ta tsaya cak. Da zarar an kashe rautar ita kaɗai an sake kunnawa, sai komai ya koma daidai har zuwa ɗauke wuta na gaba. Abin da ya faru shi ne, sashen da ke sauya adireshi, wato NAT, ya riga layin waje tashi, ya nemi adireshin da zai yi aiki da shi bai samu ba, kuma da layin ya iso daga baya babu wanda ya sanar da shi.

Mene ne NAT, kuma me ya ɗaure shi da layin waje?

Adireshin intanet na tsarin IPv4 bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, kuma tun farkon shekarun 1990 masana suka hango cewa ba zai ishi duniya ba. A 1994 aka wallafa bayanin NAT a takardar RFC 1631, sannan a 1996 takardar RFC 1918 ta tabbatar da rukunoni uku na adireshin cikin gida: waɗanda suka fara da 10, waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da kuma waɗanda suka fara da 192.168. Waɗannan adiresoshi ba sa tafiya a kan intanet. Kwamfutar da ke ɗauke da 192.168.1.20 a wani shago da ke Tudun Wada ba za ta iya karɓar amsa daga ko'ina a duniya da wannan lamba ba.

Aikin NAT kamar na magatakardan babban gida ne, wanda duk wasiƙar da za ta fita sai ya goge lambar ɗakin mai ita ya rubuta adireshin gidan, ya kuma ajiye a littafinsa wanda ya aika, domin idan amsa ta zo ya san ɗakin da zai kai. Adireshin gidan kuwa ba nasa ba ne, kamfanin sabis ne ke ba da shi, kuma a mafi yawan layuka ba a ba da shi sai bayan layin ya gama tashi, sannan yana iya canzawa duk lokacin da layin ya yanke ya dawo. Saboda haka NAT na dogara ne da abin da ba ya nan a lokacin da na'urar ke farkawa.

Me ke gudana daga lokacin da aka kawo wuta zuwa lokacin da adireshi ke samuwa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fi tsayawa a kanta, domin wanda ya fahimci jerin matakan ba zai ƙara mamakin matsalar ba. Na'urori biyu ko uku ne ke tashi a lokaci guda, kuma kowace da saurinta. Rauta ko kwamfutar da aka mayar rauta takan gama shiri da wuri. Na'urar da ke riƙe da layin waje ita ce mai nawa: idan ta faiba ce, sai ta yi rajista da na'urar kamfani kafin fitilar PON ta daina ƙiftawa, idan rediyo ce a kan hasumiya, sai ta samu wuta ta kebul, ta tashi, ta nemo tashar da take magana da ita, idan modam ce ta 4G, sai ta karanta layin SIM ta kama sabis, idan kuwa faifan Starlink ne, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, sai ya nemo taurarin ɗan adam tukuna. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya cin minti ɗaya ko fiye.

Bayan nan ne ake fara neman adireshi, kuma hanya biyu ce aka fi bi. Ta farko ita ce PPPoE, wadda aka bayyana a RFC 2516 a 1999. Rautar za ta yi shela da saƙon PADI, na'urar kamfani ta amsa da PADO, rautar ta nemi zama da PADR, a tabbatar mata da PADS. Daga nan a daidaita sharuɗɗan layi ta LCP, a tantance suna da kalmar sirri ta PAP ko CHAP, sai a matakin ƙarshe, wato IPCP, a miƙa adireshi. Abin lura a nan shi ne, ƙofar waje, wato mahaɗar rauta da layin kamfani, wadda ake kira ppp0 a tsarin Linux ko tun0 a tsarin FreeBSD, ba ƙofa ba ce ta ƙarfe da ake soka kebul a cikinta. Manhaja ce ke ƙirƙirarta, don haka kafin a kai wannan mataki tana iya kasancewa babu ita kwata-kwata, ko kuma tana nan amma babu adireshi a jikinta.

Hanya ta biyu ita ce DHCP, mai saƙonni huɗu na nema, tayi, roƙo da amincewa. A nan ƙofar tana nan tun farko, adireshin ne kawai ke jinkiri.

Akwai kuma wani tsaiko da ya shafe mu musamman. Idan an ɗauke wuta ba zato, rautar ba ta samun damar aika saƙon sallama na PADT, don haka na'urar kamfani tana ci gaba da ɗaukan cewa tsohon zaman yana raye. Idan an tsara cewa kowane mai asusu zama ɗaya kawai zai yi a lokaci guda, za a ƙi karɓar sabon har sai an gane tsohon ya mutu. Wannan na nufin ko da duk fitilu sun yi kore, adireshi na iya ƙara jinkiri na wasu mintuna.

Me ya sa kashewa da kunnawa ke gyara abin?

Saboda a karo na biyu modam ta riga ta shirya, layin yana tashi cikin daƙiƙu kaɗan, sai ya riga NAT ko su iso kusan tare. Ba a gyara komai ba, an dai sake tseren da ke tsakanin layin da NAT ne a yanayin da layin ke da rinjaye. Wannan dabara ta isa a gida, amma ba ta dace da cibiyar da ɗalibai ke layi don rajistar JAMB ba, balle na'urar da ke wani reshe a Gummi ko Anka alhali mai kula da ita yana Gusau.

Yaya zan tabbatar cewa wannan ce matsalata, ba laifin kamfanin sabis ba?

Kada a taɓa komai idan abin ya faru. A shiga rautar a yi gwaji uku a jere. Na farko, a duba ko ƙofar waje tana da adireshi, da umarnin ip addr a Linux ko ifconfig a FreeBSD. Na biyu, a aika ping, wato saƙon gwaji mai neman amsa, zuwa 8.8.8.8 daga cikin rautar kanta. Na uku, a aika irin wannan ping daga wata kwamfuta ta cikin shago. Idan na rautar ya samu amsa, na kwamfutar bai samu ba, to layin kamfani lafiyarsa ƙalau, matsalar tana tsakanin ƙofar ciki da ta waje.

Sai a duba ƙa'idojin NAT da ke aiki a daidai wannan lokaci, ba waɗanda ke rubuce a fayil ba. A Linux umarnin shi ne iptables -t nat -L -n -v ko nft list ruleset, a pf kuwa, wato ɗaya daga cikin manhajojin katangar tsaro (firewall) na FreeBSD, pfctl -s nat. Abu uku ake iya tararwa: babu ƙa'idar sam, ko tana nan da adireshin jiya, ko tana nan amma lissafin fakiti, wato ƙullin bayanai, da suka bi ta kanta sifili ne. Daga ƙarshe a karanta rahoton tashin na'urar a kwatanta lokuta. Idan saƙon kuskuren katangar tsaro ya riga saƙon local IP address da pppd, manhajar da ke tayar da layin PPPoE a Linux, ya rubuta, an kama ɓarawon da hannu dumu-dumu. Wanda ke da tcpdump, manhajar kallon fakiti, zai iya sa ido a ƙofar waje, kuma idan ya ga fakiti na fita da adireshin 192.168 a matsayin mai aikawa, babu sauran shakka.

Wani ya ba ni shawarar in sa umarnin jira na daƙiƙa 60 kafin NAT ya tashi. Shin hakan ya wadatar?

Bai wadatar ba, ko da yake shi ne maganin da aka fi yawan gani, ko dai sleep 60 a cikin rc.local ko kuma :delay a jadawalin rautar MikroTik. Lambar da aka zaɓa ta dogara ne da ranar da aka auna. Ranar da hadari ya taso sabis ya yi rauni, ko ranar da na'urar kamfani ta riƙe tsohon zama, layin zai wuce daƙiƙa 60 ɗin, a koma gidan jiya. Idan kuma aka ƙara lokacin zuwa minti biyar don a tsira, an hukunta masu amfani da jira a duk ranakun da layin ya tashi da wuri. Babban aibinsa shi ne sau ɗaya yake aiki, lokacin kunna na'ura. Layin da ya yanke da azahar ya dawo da sabon adireshi ba ruwansa da jiran da aka yi da safe.

A ganina duk gyaran da ya ginu a kan ƙidayar daƙiƙu ya kauce wa tambayar. Abin da ake bukata ɗayan biyu ne: ko a rubuta ƙa'idar NAT ta yadda ba ta bukatar sanin adireshi sai lokacin da fakiti zai fita, ko kuma a ɗaura ta a kan tashin layin kansa, ta yadda duk lokacin da layin ya tashi, ko sau nawa ne, za a sabunta ta.

To me zai hana a jinkirta katangar tsaro gaba ɗaya har sai layi ya tashi?

Haɗari ne zai hana. Masu tsara waɗannan manhajoji da gangan suke sa katangar tsaro ta riga layin waje, domin kada a samu ko da ɗan taƙaitaccen lokaci da na'urar ke kan intanet babu kariya. Akwai na'urori a faɗin duniya da ba su da aiki sai laluben adiresoshi dare da rana suna neman ƙofar SSH, wadda ake sarrafa na'ura daga nesa ta cikinta, ko shafin sarrafa rauta a buɗe. Hanyar da ta dace ita ce a raba ƙa'idojin gida biyu. Waɗanda ke hana shigowa su hau tun kafin a tayar da kowace ƙofa, kuma a rubuta su da sunan ƙofa, ba da adireshi ba. Waɗanda dole sai da adireshi su jira layi.

Akwai wani tarko da ya kamata kowa ya sani. Dukansu pf da nftables na Linux suna ɗora fayil ɗin ƙa'idoji ne dunƙule, ko duka ko babu. Idan ƙa'ida ɗaya ta faɗi saboda ƙofar da ba ta nan ko adireshin da bai zo ba, ba ita kaɗai za a tsallake ba, fayil ɗin gaba ɗaya za a yi watsi da shi. Sakamakon haka shi ne mutanen ciki ba su da intanet, ita kuma rautar tana tsaye a waje babu katanga, kuma mai shago bai san da na biyun ba saboda na farkon ne kaɗai ake kawo masa ƙara a kai.

Yaya ake gyarawa a Linux?

Mafi yawan lokuta laifin na rubutun umarni ne da ke karanta adireshin ppp0 lokacin tashi, ya zuba shi cikin ƙa'idar SNAT, wadda ke bukatar a rubuta mata adireshin waje. Idan babu adireshi, abin da aka karanta fanko ne, ƙa'idar ta faɗi. Maganin shi ne a bar SNAT ga masu adireshi na dindindin, a koma MASQUERADE:

iptables -t nat -A POSTROUTING -o ppp+ -j MASQUERADE

Wannan ƙa'ida tana hawa ko da ƙofar ba ta wanzu ba tukuna, domin iptables da suna yake kwatantawa, kuma tana ɗaukan adireshin da ke jikin ƙofar ne a lokacin da sabuwar hulɗa za ta fita. Alamar tarawa da ke ƙarshen sunan tana kama ppp0 da ppp1 duka, abin da ke da amfani ranar da sabon zama ya tashi kafin tsohon ya gama rufewa, lambar ƙofa ta sauya.

A nftables bambancin yana tsakanin kalmomi biyu masu kama da juna. Kalmar oif tana neman lambar ƙofar a lokacin ɗora fayil, don haka tana faɗuwa idan ppp0 ba ta nan. Kalmar oifname tana kwatanta suna, kuma ita ce ta dace da duk ƙofar da ke zuwa tana tafiya. Haka iif da iifname suke.

Duk abin da ya zama dole sai da adireshi a rubuce, kamar sabunta sunan DNS mai bin adireshi ko tayar da VPN, wurinsa /etc/ppp/ip-up, ko babban fayil na /etc/ppp/ip-up.d a Debian da Ubuntu. Manhajar pppd tana kiran wannan rubutu duk lokacin da IPCP ya kammala, tana miƙa masa sunan ƙofa a gurbi na farko da adireshin da aka samu a gurbi na huɗu. A tabbatar rubutun yana goge tsohuwar ƙa'ida kafin ya sa sabuwa, in ba haka ba za su taru, kuma ta farko, wadda ta riga ta tsufa, ita za ta riƙa cin nasara.

Sannan a duba saitin pppd ɗin kansa. Kalmar persist tana sa shi ya sake gwadawa idan layi ya yanke, amma bisa asali yana haƙura bayan faɗuwa goma a jere, sai an rubuta maxfail 0 kafin ya daina ƙidaya. Da yawa daga cikin layukan da ake cewa sun ƙi tashi bayan doguwar ɗauke wuta, wannan ne kawai ya same su. Saitin lcp-echo-interval da lcp-echo-failure kuma su ke sa a gane layin da ya mutu a tsaye.

Na sa After=network.target a systemd, mai jera tashin manhajoji a Linux, amma abin bai canza ba. Me ya sa?

Saboda network.target ba ya alkawarin cewa an samu adireshi. Yana nuna kawai an tayar da manhajar da ke kula da netwok. Wanda ke jira shi ne network-online.target, kuma sai an ambace shi a Wants= da After= duka biyu. Ko shi ma yana da iyaka. Yana jiran ƙofofin da NetworkManager ko systemd-networkd ke kula da su ne, don haka idan an tayar da pppd ta wata hanya daban ba zai jira shi ba, kuma sau ɗaya ake cimma sa a kowane tashi. Ya dace da manhajar da ke son intanet kafin ta fara aiki, amma ba zai maye gurbin ip-up ba.

FreeBSD fa?

A nan ne wannan matsala ta fi yin suna. FreeBSD yana jera rubutun tashi da manhajar rcorder, wadda ta samo asali daga NetBSD, kuma tana karanta layukan PROVIDE, REQUIRE da BEFORE da ke saman kowane rubutu. Ana iya ganin jerin da umarnin rcorder /etc/rc.d/* kai tsaye. Sai dai jerin bai isa ba, domin idan an sa ppp_mode="ddial", manhajar ppp tana komawa bayan fage nan take ba tare da jiran layi ba. A takarda ppp ya riga natd, manhajar da ke yin NAT, amma a zahiri tun0 ba ta da adireshi lokacin da natd ya zo nema. Idan natd ya fita saboda haka, ƙa'idar divert ta katangar ipfw za ta ci gaba da tura fakiti zuwa wurin da babu mai karɓa, su ɓace.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar ppp ya yi NAT da kansa ta hanyar ppp_nat="YES", tunda shi ne ya fi kowa sanin lokacin da adireshi ya zo. Wanda ya fi son natd ya sa natd_flags="-dynamic" domin ya riƙa bin sauyin adireshi. Mai amfani da pf ya sa sunan ƙofa cikin baka biyu a ƙarshen ƙa'idar, kamar haka:

nat on tun0 from 192.168.1.0/24 to any -> (tun0)

Idan babu bakan, pfctl zai nemi adireshin lokacin ɗorawa ya ce no IP address found, ya ƙi fayil ɗin. Mai ipnat kuma ya yi amfani da 0/32 a matsayin adireshin waje, sannan ya sa ipf -y cikin /etc/ppp/ppp.linkup domin a sake daidaita ƙofofi duk lokacin da layi ya tashi.

Ni MikroTik nake amfani da ita. Wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka, amma da sauƙi. A ƙa'idar srcnat a zaɓi action=masquerade idan adireshin waje mai canzawa ne, a bar src-nat ga na dindindin. Ƙa'idar da ta ambaci pppoe-out1 takan yi ja a Winbox, manhajar sarrafa MikroTik, kafin layi ya tashi, kuma tana dawowa da kanta, don haka ba abin tsoro ba ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙirƙiri pppoe-out1 a mance ba a saka ta cikin jerin ƙofofi na WAN ba, alhali ƙa'idar asali da wannan jeri take aiki. A rauta mai manhajar OpenWrt kuwa katangar tana sabunta kanta idan ƙofa ta tashi, sai dai duk ƙarin da mutum ya rubuta da hannu ya kamata ya koma /etc/hotplug.d/iface maimakon rc.local.

Shafuka sun dawo, amma wayar tebur ta intanet da VPN sun ƙi. Mene ne dalili?

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi wahalar ganewa, kuma yana iya faruwa ko da an gyara duk abin da ke sama. Linux ba ya duba ƙa'idojin NAT sai a fakiti na farko na kowace hulɗa. Hukuncin da aka yanke a kansa ana ajiye shi a teburin conntrack, sauran fakitin su bi shi. Idan wata na'ura ta aika fakitinta na farko a cikin ratar da ke tsakanin tashin layi da hawan ƙa'idar NAT, za a rubuta cewa wannan hulɗa ba a sauya mata adireshi. Burauza ba ta damuwa, domin tana buɗe sabuwar hulɗa da sabuwar lamba kowane lokaci. Amma wayar SIP, wato wayar tebur ta intanet, tana magana ne daga lamba 5060 zuwa 5060 ba sauyi, WireGuard, wani nau'in VPN, ma lamba ɗaya yake riƙewa. Rubutun UDP da bai samu amsa ba yana mutuwa ne bayan daƙiƙa 30 na shiru, shi kuwa WireGuard an saba saita shi ya yi motsi duk daƙiƙa 25. Kowane motsi yana sabunta wa'adin gurɓataccen rubutun, don haka ba zai taɓa mutuwa da kansa ba.

Maganin gaggawa shi ne conntrack -F, wanda ke share teburin, ko da yake yana iya yanke hulɗar da wasu ke ciki. Maganin dindindin shi ne kada a bar ratar ta wanzu: ƙa'idar NAT ta hau kafin layi, ko kuma a hana tura fakiti waje har sai ta hau. MASQUERADE yana da ƙarin fa'ida a nan, domin yana share rubutun da ya shafi ƙofa idan ta faɗi, abin da SNAT ba ya yi.

Rautata tana karɓar adireshi daga modam ta DHCP, ba PPPoE ba. Akwai abin da zan kula da shi?

Akwai abu biyu. Wasu na'urorin kamfani, kafin su kama layi, sukan ba rauta adireshin wucin gadi, galibi daga rukunin 192.168.100, kuma idan rautar ba ta sake nema da wuri ba sai ta zauna da shi. Idan kuma ba ta samu amsa ba sam, wasu na ba kansu adireshin da ya fara da 169.254, wanda ba ya zuwa ko'ina. A tabbatar manhajar DHCP ta rautar tana ci gaba da nema ba tare da haƙura ba. Modam ta USB kuma takan fara bayyana kamar faifan CD, sai usb_modeswitch ya juya ta kafin ƙofarta ta fito, don haka duk abin da aka faɗa kan ƙofar da ke makara ya hau kanta.

Abu na biyu shi ne karon rukuni. Idan modam na raba 192.168.1 kuma rautar ma da shi take aiki a ciki, fakiti za su rikice ko da wanne ya riga tashi. A sauya rukunin ciki zuwa wani daban.

Adireshin wajena ya fara da 100.64. Shin laifin jerin tashi ne?

A'a. Rukunin 100.64.0.0/10 an ware shi ne a 2012 ta RFC 6598 domin kamfanonin sabis su yi nasu NAT ɗin a sama da naka. Layin ya tashi daidai. Illa dai ba za a iya shigowa daga waje kai tsaye zuwa kyamarar tsaro ko sabar ofis ba, sai an nemi adireshi na fili daga kamfani ko an bi ta VPN.

Idan na sa modam da rauta a kan inbata ko ƙaramin batir, na huta?

Ka rage yawan faruwar abin sosai, kuma shawara ce mai kyau, domin na'urorin ba sa cin wuta mai yawa, kuma akasarinsu da bolt 12 suke aiki. A haɗa su duka a kan batir ɗaya, har da abin da ke ba rediyon hasumiya wuta. Idan rauta kaɗai ke kan batir, modam za ta mutu ta tashi lokacin sauyawa zuwa janareta, rautar kuma ta ci gaba da riƙe zaman da ya riga ya mutu. Amma batir na ƙarewa, musamman a zafin Maris da Afrilu, kuma layi na iya yankewa daga ɓangaren kamfani wutarka na nan. Saboda haka batir ƙari ne a kan gyaran saiti.

Wasu shafuka na buɗewa, wasu na tsayawa a rabi. Duk matsala ɗaya ce?

Galibi ba ita ba ce. PPPoE yana cin bayit 8 daga 1500 na Ethernet, ya bar 1492, kuma manyan fakiti kan maƙale idan ba a rage MSS, wato iyakar girman bayanan da fakiti ɗaya ke ɗauka, zuwa 1452 ba. A iptables ana yin haka da --clamp-mss-to-pmtu. Akwai kuma rautocin da ba su da batirin agogo, waɗanda ke tashi da tsohon kwanan wata, wani lokaci har 1970. Idan irin wannan rauta na amfani da DNS mai rufin asiri, za ta ƙi takardun shaida har sai NTP, mai daidaita lokaci ta intanet, ya gyara agogon, shi kuma NTP yana bukatar DNS kafin ya samo sabarsa. Ana warware wannan zagaye ta hanyar ba NTP aƙalla saba ɗaya da adireshi a lambobi.

Yaya zan gwada gyaran kafin in amince da shi?

Sake kunna rauta ita kaɗai ba gwaji ba ne, tunda ko kafin gyara hakan na aiki. A zaɓi lokacin da babu jama'a, a kashe babban makunni ta yadda modam da rauta za su mutu tare su tashi tare, sannan a gwada daga kwamfutar ciki ba tare da taɓa komai ba. Bayan haka a zare kebul ɗin waje, a kunna rautar, a bar ta minti goma sha biyar ko fiye kafin a mayar da kebul ɗin. Wannan ne ke tona asirin umarnin jira da kuma pppd mai haƙura da wuri. A cikin wannan jira a duba cewa ƙa'idojin hana shigowa sun riga sun hau, ko da layin bai zo ba. Gwaji na ƙarshe shi ne a kashe modam kaɗai ana tsakiyar aiki, a kunna, a ga ko NAT ya bi sabon adireshi, kuma a bar wayar SIP ko VPN a kunne tun daga farko har ƙarshe, domin su ne za su nuna ko gurɓataccen rubutu ya saura a teburin conntrack.